Tsumagu Goma Sha Huɗu

Ran Juma'a aka rufe makarantu don hutun sanyi, ran Asabar tun ƙarfe bakwai Narelle ta riga ta manna takardar ayyuka a ƙofar kicin. Malamar firamare ce, irin malaman nan da ko a gida ba sa iya ajiye alli. Mako biyu ne hutun, ita kuwa ta tsara masa aikin wata guda: a goge bututun hayaƙin murhu, a naɗe famfunan waje da tsofaffin buhuna kafin sanyin Yuli, wanda a ƙasar shi ne tsakiyar hunturu, ya fasa su, a faskara itace a jera a baranda, a kwashe kashin kaji, a gama yi wa bishiyoyin tuffa aski. Mijinta Warwick ya karanta takardar da kofin shayi a hannu, ya ce ko a gidan yari ana bar wa mutum Lahadi. Ta ce ya hau rufi tun ba ta ƙara masa layi biyu ba.

Gidan ba nata ba ne, kuma ba a taɓa barinta ta manta da haka ba. Na surukinta ne, Baba Athol, mai shekara tamanin da ɗaya. Wata goma sha huɗu ke nan da suka taso daga birnin Hobart da 'ya'yansu mata biyu, Tamsin da Bronte, bayan rasuwar matarsa Beryl, don kada tsohon ya zauna shi kaɗai a gonar nan ta kwarin Huon. Ba faɗa yake yi ba. Da ma faɗan ne da an huta. Kallo yake yi. In Narelle ta ɗauke tukunya daga inda Beryl ke ajiye ta, sai ya tsaya ya dubi gurbin, ya dube ta, ya sa hularsa ya fita. Ga shi ba ya jefar da komai, ba ya kuma gaya wa kowa dalilin ajiye komai.

Tsohon firijin da ke barandar baya shi ne hedikwatar tarkacensa, kuma Narelle ta daɗe tana harararsa. Yau ta tunkare shi da bokitin ruwan zafi. Ta fitar da kwalaben jam na shafa wa burodi da ba a san shekararsu ba, da maganin allurar shanu alhali an sayar da shanun tun bara, da gwangwanin tanar kamun kifi da ta mutu ta bushe. A aljihun ƙasa ta tarar da ledar burodi, cikinta jiƙaƙƙiyar jarida mai warin fumfuna, cikin jaridar kuma waɗansu 'yan tsumagu masu kaurin fensir an ɗaure su da roba. Ta ja tsaki. Yaran nan da wasanninsu, ko kuwa tsohon da nasa. Ta zare robar ta rataye a kan famfo, don ita ma ba ta son ɓarna, ta jefa ledar da jaridar a kwandon shara. Baron Warwick na tsaye a gindin matakala cike da rassan da aka datse da safe, sai ta watsa tsumagun a kai. Jim kaɗan Warwick ya sauko daga rufi, fuska duk baƙin hayaƙi, ya tura baron ya yi gangare da shi.

Da rana suka zauna shan miyar kabewa da gasasshen burodi. Narelle na jin daɗin kanta, kuma jin daɗin ne ya buɗe mata baki.

"Baba, yau dai na ga bayan firijin baranda. Har kana iya ganin fuskarka a ciki."

Cokalinsa ya tsaya tsakanin kwano da baki.

"Wane firij?"

"Na baranda mana."

"Aljihun ƙasa fa?"

Ba tambayar ce ta tsorata ta ba, muryar ce. Kafin ta yi shawara da zuciyarta, bakinta ya riga ya amsa.

"Ban taɓa shi ba."

"Kin tabbata, 'yar nan?"

"Ban kai kansa ba, Baba."

Warwick ya yi dariya da burodi a baki. "Me ka binne a ciki ne, tsoho? Zinariya?"

"Bishiyar uwarka," in ji Baba Athol, ya ci gaba da shan miyarsa.

Kowa a gidan ya san bishiyar. Shekara arba'in da suka wuce ta tsiro da kanta a bayan akurkin kaji, daga guntun tuffa da wani ya ci ya yar. Baba Athol ya zo da gatari, Beryl ta tsaya a gabanta da bokitin dusa ta ce sai dai ya fara da ita. Da ta soma 'ya'ya, munana ne, masu kaushin fata, ba mai saye a kasuwa, amma duk kwarin babu mai daɗinsu. Ba ta da suna sai ta Beryl, ba ta da 'yar'uwa a ko'ina. A farkon Yuni guguwa ta tuge ta da saiwarta. Warwick ya yanka gindin ya yi itace, aka ja kututturen da tarakta, aka ƙone rassan tun makonni uku da suka wuce. Duk wannan Narelle ta sani. Abin da ba ta sani ba, don tana makaranta a ranar, shi ne abin da tsohon ke gaya wa jikokinsa yanzu. Ya ce irin tuffa ba ya fitar da kamar uwarsa ko an shuka dubu, sai dai a yi aure, wato a haɗa reshenta da jikin wani ɗan dashe. Shi ya sa a safiyar da ta faɗi ya yanko tsumagu goma sha huɗu daga sabon tohon bara, ya naɗe su da lema ya sa a sanyi su yi barci. In Agusta ta ƙare zai aurar da su a kan 'yan dashe, bishiyar kakarsu ta dawo.

"In suka bushe fa, Kaka?" Bronte ta tambaya.

"Shi ke nan, ta tafi. Babu wata."

Narelle ta dubi miyarta, ta ajiye cokali. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya.

Baba Athol na da al'adar gyangyaɗi na rabin awa a kujerarsa kusa da murhu bayan abinci. Tana jin numfashinsa ya sauya ta zura dogayen takalman roba ta fita. Ta iske Warwick a rumfar itace yana wasa gatari.

"Ina ka juye baron safe?"

"A kan tsibin rassan da za a ƙone mana. Ina kike so in juye, a gadonmu?"

"Ta wane gefe?"

"Ta gefen rafi, ina jin. Na ƙara lodin tirelar tarakta biyu a kai. Lafiya?"

"Lafiya lau."

"In iska ta kwanta da la'asar za mu sa wuta. Ki gaya wa yaran su naɗe dankali."

Ta gangara filin da sassarfa. Raɓar da ta daskare a inuwar shinge ba ta narke ba har yanzu, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmanta. Tsibin na can ƙasa kusa da rafi, ya fi ta tsayi, faɗinsa ya kai ɗaki biyu. Askin bishiyoyi ɗari uku ne na mako biyu aka tara a kan busassun itatuwa. Ta zagaya gefen rafin ta tsuguna, ta fara janye rassa. A nan ta gane girman abin da ta yi. Tsumagiyar tuffa tsumagiyar tuffa ce. Dubbai ne a gabanta, duk launi ɗaya, duk kauri ɗaya, duk da 'yan idanu a jere. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan ta juya. Ba ta ma kalli na firijin da kyau ba sa'ad da suke hannunta, balle ta shaida su a cikin wannan taro. Yatsunta suka ƙage don sanyi, ƙaya ta yage mata bayan hannu, agogonta ya ce saura minti goma sha biyu.

Sai wata dabara ta zo mata, kuma gaskiya ba ta yi wani dogon kokawa da ita ba. In ita ba ta iya bambanta su, wa zai iya? Almakashin askin na aljihun rigarta tun safe. Ta zaɓi miƙaƙƙu masu kaurin fensir, ta datse goma sha huɗu daidai tsayin da take tunawa, ta cusa su a cikin rigar sanyi, ta hau gangaren tana haki. A baranda ta zaro ledar burodin daga kwandon shara, ta zaro jaridar ta kakkaɓe ganyen shayi, ta ciro robar daga kan famfo. Cikin minti biyu ƙunshin ya koma aljihun ƙasa kamar ba a taɓa shi ba. Ta wanke hannu, ta shiga ɗakin wanki ta fara ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke.

Tagar ɗakin wankin na kallon baranda. Ta ji kujera ta yi ƙara, ta ji jan silifas. Baba Athol ya fito, ya buɗe firij, ya dafa ƙofar ya sunkuya da ƙyar. Ya kwance ledar, ya buɗe jaridar, ya kawo tsumagun dab da fuskarsa. Narelle ta ajiye tawul ɗin. Mutumin nan shekara sittin yana aurar da bishiyoyi, an ce a zamaninsa daga cikin mota yake faɗin irin kowace bishiya a gonar mutane ko ba ganye a kanta. Ya shafa su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi yana ƙirgawa. Ya yayyafa wa jaridar ruwa daga famfo, ya naɗe a hankali kamar mai yi wa jariri goyo, ya mayar. Da ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakin wankin.

"Kin wanke firijin nan da kyau, 'yar nan."

Wata goma sha huɗu tana jiran kalma ɗaya mai daɗi daga bakinsa, sai yau ta zo. Ta ce, "Na gode, Baba," ta ji kunya ta rufe ta tun daga wuya har tafin ƙafa.

Sauran yinin aiki ta yi kamar an biyo ta. Ta naɗe famfuna huɗu da buhu ta ɗaure da igiya. Ta taya yaran kwashe kashin kaji, ta yi wa Tamsin tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk inda ta juya idonta na kan dogayen itatuwan bakin rafi, tana roƙo a ranta iska ta ci gaba da kaɗa su. In ba a sa wuta yau ba, gobe da sassafe za ta koma ta sake dubawa, ko da yake ba ta san me za ta duba ba. Wata zuciyar kuma na cewa gara a ƙone a huta. Bishiyar aure sai ta shekara huɗu ko biyar kafin ta yi 'ya'ya. Tsohon na da tamanin da ɗaya, ga ciwon zuciya. Ta yi lissafin nan har ƙarshe, ta kuma tsani kanta da ta iya yin sa.

Ƙarfe uku da rabi iska ta kwanta.

Ƙona tsibi a ranar farko ta hutun sanyi al'adar gidan ce tun Warwick na ɗan ƙarami, kuma ba mai kyasta ashana sai Baba Athol. Suka gangara gaba ɗaya, yaran ɗauke da dankalin da za a binne a garwashi, Warwick da galan ɗin man dizal da manjagara, tsohon na dogara sanda a baya. Warwick ya zuba man ta gefen tudu, inda ɗan sauran iskar ke fitowa, don wutar ta ci ta gangara zuwa rafi.

"Kai, ka zuba kamar na mutane," in ji tsohon. "Ɗanyen reshe ne, ba takarda ba."

"In na zuba da yawa ka ce ni almubazzari ne."

"Ai shi ne kai. Zuba."

Ashana ta farko ta mutu. Ta biyu ta kama. Wutar ta lashi man ta yi sama, sannan ta lafa ta shiga cin busassun itatuwan ƙasa, farin hayaƙi mai kauri ya fara tuɗaɗowa ta cikin ɗanyun rassa. Yaran na tsalle suna ihu. Narelle na tsaye hannuwa a hammata, tana auna tazarar da ke tsakanin wutar da gefen rafi. Taku shida, ko bakwai. Abin da ake so ta yi kawai shi ne ta yi shiru na kwata ɗin awa, kuma ta riga ta fara.

Baba Athol ya matso kusa da ita, yana kallon wutar, ba ita ba.

"In goma suka kama a cikin goma sha huɗun nan, mun gode Allah," ya ce. "Biyu naki ne. Ki zaɓi inda kike so a dasa su. Beryl ta so a ce akwai ɗaya a gaban tagar kicin, ni na hana. Yanzu ke ce a kicin ɗin."

Wani reshe ya fashe a cikin wutar.

"Warwick!" Muryarta ta fito da ƙarfin da ya sa yaran suka yi tsit. "Kashe wutar nan! Kashe ta!"

"Me ya faru? Akwai dabba a ciki?"

"Tsumagun Mama suna ciki. Ta gefen rafi. Ni na zuba su a baronka da safe."

Warwick ya tsaya da manjagara a hannu, baki buɗe. Baba Athol kuwa ya girgiza kai, har da ɗan murmushi, kamar mai kwantar wa yaro da hankali.

"A'a, 'yar nan, kin ruɗe. Suna firij. Na duba su ɗazu da idona, goma sha huɗu cif."

Nan ne wurin da ya fi wuya, kuma babu hanyar kewaye shi.

"Ba su ba ne, Baba. Ni na yanko su daga tsibin nan kana barci. Na naɗe na mayar. Ƙarya na yi maka a wurin cin abinci."

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan jima a fuskarsa kamar ya rasa hanyar fita. Ta ga ya dubi babban yatsansa na dama, wanda ya shafa su da shi.

Warwick ne ya fara motsi. Ya daka wa yaran tsawa su koma bayan shinge, ya zagaya gefen rafi da gudu, Narelle na bin sa. Kashe wutar ba zai yiwu ba, ta riga ta kama cikin tsibin tana ruri. Abin da ya rage shi ne a janye gefen nan tun ba ta iso ba. Ya kafa manjagara ya ja, rassan suka sarƙe suka ƙi. Narelle ta rungumi dami da hannu biyu ta fizga, ta faɗi zaune a laka, ta tashi ta sake. Hayaƙi ya juyo kansu, idanunta na zubar da ruwa, ba ta ganin abin da take kamawa.

"Tirela biyu ne a sama!" Warwick ya yi ihu yana tari. "Sai mun cire su kafin mu kai na baro!"

"To ja mana, kana surutu!"

"Ke da bakin magana yau?"

Suka yi ta ja suna wurgawa baya. Zafi ya fara dukan fuskarta, ta ji warin gashin goshinta. Manyan rassan tirela suka ƙare, ƙananan yankan safe suka bayyana a ƙasa. Ta durƙusa ta riƙa kwasowa da hannuwa tana turawa ta tsakanin ƙafafunta kamar kare mai tono, ba ta zaɓe, duk abin da ya shigo hannu. Tartsatsi ya sauka a hannun rigarta, Warwick ya buge shi da tafin hannu. Sai tsakiyar tsibin ya rufta, wuta ta yi tsalle ta kama gefen da suke. Ya cafki ƙugunta ya ja ta baya da ƙarfi, ta yi ta fizge-fizge har ta ga babu sauran abin da hannu zai iya shiga ya ɗauko.

Abin da suka ceto ya bazu a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya kai cikin baro biyu. Ba wanda ya san ko daga inda aka juye baron safe ne, ko taku ɗaya daga nan. Baba Athol ya zagayo a hankali. Bai dubi kowa ba. Ya jingine sandarsa, ya sauke gwiwa ɗaya, ya sauke ɗayar, abin da likita ya hana shi tun bara.

"Kaurin fensir," ya ce. "Tsayin taƙi ɗaya da rabi. Ba reshe a jiki. Duk mai kama da haka ku ware min."

Su ukun suka shiga warewa, wutar na ci a bayansu. Yaran na leƙe ta shinge da dankalinsu a hannu. Da aka gama, Warwick ya ƙirga, sittin da uku. Tsohon ya ɗauki ta farko ya kai dab da ido, ya juya ta ga hasken wuta, ya shinshina, ya kankare ɓawon da farce. Ya ajiye, ya ɗauki ta biyu. Narelle na durƙushe a gabansa tana jira ya ce ga ta. Ya duba goma, ya duba ashirin. Daga nan ya ajiye su.

"A da ko a duhu zan tsamo su," ya ce. "Nata sun fi ja kaɗan, idanun sun fi kusa da juna. Na san haka. Amma ba na gani. Tun bara ba na gani, ban dai faɗa ba."

Da ya zage ta da ta fi jin sauƙi. Ba ƙarya kawai ta yi masa ba, ta sa ya faɗi abin da ya shekara yana ɓoyewa, a gaban ɗansa da jikokinsa, yana durƙushe a laka.

"Baba, ka yafe mini," ta ce.

Ya nuna mata gida da hannu.

"Tashi ki je ki ɗauko na firij ɗin nan. Ki jefa su a wuta ina kallo, kada in mutu wani ya dasa su da sunanta."

Ta hau gangaren, ta dawo da ƙunshin, ta zare leda, ta jefa. Jiƙaƙƙiyar jaridar ta yi ta hayaƙi kafin ta kama. Ya kalla har ta cinye.

"Waɗannan kuma duka za a yi musu aure," ya ce, yana nuna na gabansa. "Sittin da ukun."

"Haba, Baba," in ji Warwick. "Ina za mu kai bishiya sittin da uku?"

"Filin nan da kake tsaye a kai me yake yi?"

Narelle ta goge fuska da bayan hannu, baƙin hayaƙi ya ƙara damewa. "Wataƙila babu ko ɗaya a cikinsu, Baba."

"Wataƙila."

"Sai yaushe za a sani?"

"Shekara biyar. In da rabo, huɗu." Sai yanzu ya ɗago ya dube ta sosai. "Kin ci tuffarta a kakar da ta wuce?"

"Na ci."

"Za ki gane ta in kin sake ci?"

Ta so ta ce i, amma ta riƙe bakinta. "Ban sani ba. Warwick ai ya fi ni saninta."

"Wannan? Mutumin da ke zuba wa komai tumatirin kwalba? Harshensa ya mutu tun yana sakandare." Ya tattara tsumagun ya daidaita gindinsu a tafin hannu, ya miƙa mata. "Ki zauna ki tuna tun yanzu. Ke za ki ba su ruwa da rani, ke za ki kare su daga walabi, dabbobin dajin nan masu cinye toho, in sun yi 'ya'ya ke za ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ɗanɗana. Ni ba zan kai ba, kin sani, na sani."

Ta karɓa da hannu biyu. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya dafa kafaɗarta don ita ce kusa, ya miƙe, yana miƙewa ya ɗauke hannunsa.

"A nemo jarida, a jiƙa ta," ya ce. "Sun daɗe a waje."